Yarinya Mai Yawan Tambaya

Kowane gari yana da irin wannan yarinya, kuma a kowane gari an rasa yadda za a yi da ita. Ba ta da rashin kunya, ba ta yawon dare, ba a taɓa kai ƙararta gida ba. Abin da ake gani aibi a wurinta shi ne ba ta iya barin abu ya wuce ta sai ta san dalilinsa. A nan Gene, garinmu da ke kan babbar hanyar Kandi zuwa Malanbil a arewacin Jamhuriyar Benin, ɗiyar ƙanena ce wannan yarinya. Shekararta 15, bana za ta zauna jarrabawar BEPC. In fitilar sola ta mutu a unguwa ita ake kawo wa, ta kwance ta da bakin wuƙa har ta gano wayar da ta tsinke. Tana da wani tsohon littafin rubutu inda take zana siffar wata dare bayan dare, da lokacin fitowarsa. Tsararrakinta na zancen anko da lalle, ita tana gefe da guntun fensir a bayan kunne. Matan unguwa sukan ce kanta ya yi zafi. Wasu su ce boko ne zai taɓa mata ƙwaƙwalwa. Masu tausayi su ce Allah ya ba ta miji mai haƙuri.

Tambayar da ta fi tsaya mini ta yi ta ne a bakin Kwara, cikin hunturu, ranar da muka je cin kasuwar Malanbil. Kogi ya cika ya batse, ga hazo ya rufe Gaya a ƙetare. Ta ce, "Gwaggo, rabonmu da ruwan sama tun kaka. To wannan ruwan daga ina yake?" Ta tambayi masunta, suka ce mata ai Kwara sau biyu yake kawowa a shekara: na damina ja ne saboda laka, na hunturu kuwa ya fi duhu da tsabta, kuma kakanninsu ma haka suka tarar. Wannan bai ishe ta ba. Sai da ta sami taswira a makaranta ta bi kogin da yatsa har tushensa a tsaunukan Gini, ta gano cewa ruwan da aka yi can da damina yakan malale a manyan fadamun ƙasar Mali, tsakanin Mobti da Tumbutu, ya yi watanni yana jan jiki kafin ya ratso Yamai ya iso mana. Ruwan da ke gabanmu a watan Janairu ruwan daminar wata ƙasa ne da ya yi latti a hanya. Ranar da ta gane haka ba ta iya cin tuwo ba don murna, tana ta maimaita wa duk wanda ya shigo gidan.

Mahaifinta ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Yaya, wannan sanin me zai ƙara mata a ɗakin miji?"

Ba na ɗaukar wannan tambaya da wasa, domin ba mugu ne ya yi ta ba. Ƙanena dillali ne a karar shanu ta Gene, mutum ne mai salla a kan lokaci, kuma shi ya kai ta makaranta da hannunsa. Tun da aka rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ciniki ya ja baya, abin da ake samu da ƙyar yake isar gida. Firamare kyauta ce a ƙasar nan tun 2006, amma littafi da tufafi da kuɗin abinci ba kyauta ba ne, kuma yawan nisan karatu yawan nauyinsa. Ga tsoron hanya, tun da 'yan bindiga suka fara kai hari a yankunan da ke kewaye da gandun dajin W. Ga abin da kowa ya sani ba a faɗa da ƙarfi, wato 'yan matan da suka tafi karatu suka dawo da ciki. Ga uwa da ke buƙatar mai kama mata aiki. Uban da ya lissafa waɗannan ya ji gabansa ya faɗi, ban ga laifinsa ba. Inda muka rabu da shi shi ne lokacin da ya kawo addini, ya ce ai an hana yawan tambaya, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi tsari daga ilimin da ba ya amfani.

Duka biyun gaskiya ne. Amma wace tambaya aka hana? Misalin da malamanmu suka fi kawowa shi ne na Bani Isra'ila da saniya: an umarce su su yanka, suka yi ta neman launi da shekaru, ba don su fahimta ba sai don su jinkirta biyayya, har suka tsananta wa kansu. Wannan tambaya ce ta mai neman hanyar zamewa. Akwai kuma tambayar mai neman ya ƙure malami a gaban jama'a. Yarinyar da ke son sanin inda ruwa ya fito ba ta cikin ko ɗaya. Tana cikin layin Annabi Ibrahim, wanda ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda ake rayar da matattu, ba don yana shakka ba sai don zuciyarsa ta natsu, kuma ba a kore shi ba, aka nuna masa. Tana cikin layin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wadda aka ruwaito cewa ba ta jin abin da ba ta gane ba face ta sake tambaya har ta gane. Ita ce kuma ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Matan nan su ne suka je suka ce maza sun rinjaye su a wurin Annabi, a ware musu rana, aka kuwa ware.

Wannan batu na kunya shi ya fi ci mini rai, domin da shi ake ɗaure 'ya'yanmu mata. Kunya ado ce, ni ma da ita aka rene ni kuma da ita nake reno. Amma mun haɗa ta da shiru har mun kasa rarrabewa. Yaro namiji ya tambayi malami abu uku a jere, a ce kai, yaron nan zai yi ilimi. Yarinya ta yi haka, a ce idonta ya buɗe. Ina koyar da matan aure a Islamiyya da yamma, kuma ina ganin sakamakon wannan tarbiyya: mace mai 'ya'ya biyar da ba ta san hukuncin jinin da take gani ba, saboda tun tana ƙarama an koya mata cewa buɗe baki a gaban malami rashin ta ido ne. Ahalari, ɗaya daga cikin littattafan farko da ake ɗora wa ɗalibi a ƙasar nan, tun a shafukansa na fari ya nuna cewa baligi ba ya aikata abu sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, kuma ya tambayi masana. Bai ware mace ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albabi ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajoji suna bi ƙauye ƙauye suna karantar da mata. Sakkwato ba nisa take da mu ba, daga Gaya ka bi ta Kamba ka shiga ƙasar Kabi. Tun kafin su ma, a Makka, akwai Karimatu al-Marwaziyya da ta rasu a shekara ta 463 bayan hijira. Manyan malamai sun karɓi Sahihul Buhari daga gare ta, kuma an san ta da cewa ba ta yarda a ruwaito daga gare ta sai an gwada da asalin littafinta. Irin wannan naci a kan daidai, da a unguwarmu take, da shi za a ce kanta ya yi zafi.

Ƙanena ya ce duk wannan ilimin addini ne, shi kuwa ruwan Gini da wayar fitila fa?

Amsar da aka saba bayarwa a nan ita ce ta Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111. A Ihya'u ya sanya likitanci da lissafi cikin farillan da in wasu ba su ɗauke ba duk al'umma ta yi laifi, har ya koka da yadda gari zai cika da masu fiƙihu babu likita musulmi ko ɗaya. Amsa ce mai ƙarfi, kuma mu mata mun fi kowa sanin ƙarfinta. Mazan da ke ƙin namiji ya duba matansu a asibiti su ne kuma ke cire 'ya'yansu mata daga makaranta, to daga ina ungozomar za ta fito? Wannan hujja ce Balaraba Ramat Yakubu ta gina littafinta Wa Zai Auri Jahila? a kanta a 1990. Abu, yarinyar labarin, an cire ta daga makaranta, wanda aka yi mata alkawari da shi ya guje ta don ba ta yi karatu ba, aka aurar da ita ga tsoho Sarkin Noma, ta gudu birni, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar ta san abin da take faɗa, domin ita ma tana 'yar shekara 13 aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure. Na karanta littafin ina budurwa, lokacin da fatake ke kawo littattafan Kano ta Kamba da Gaya muna karɓar haya, kuma har gobe ina yi wa Hajiya Balaraba addu'a.

Sai dai wannan amsa ba ta kai ni inda nake so ba. In darajar karatun yarinya ita ce za ta zama likita, to wadda ba za ta zama ba fa? Mafi yawan 'yan matan Gene ba za su taka jami'ar Paraku ba, balle ta Kwatano. Mai yiwuwa ɗiyar ƙanena ma ta ƙare a ɗakin aure a wani ƙauye na hanyar Karimama, tana daka tana reno. In haka ta faru, shin daren da ta kasa cin abinci don ta gane tafiyar Kwara ya tafi a banza ke nan? Zuciyata ta ƙi yarda. Alƙur'ani ya yi ta kiran mutum ya dubi raƙumi yadda aka halitta shi, ya dubi sama da duwatsu, da sauyawar dare da rana, da ruwan da ake saukarwa ya rayar da ƙasa bayan mutuwarta, da jiragen da ke gudu a kan ruwa, ya kuma kira waɗannan ayoyi ga masu hankali. Ba a ce a duba don a sami aiki ba. Dubawar ita kanta ibada ce, domin wanda ya san yadda aka tsara abu ya fi sanin Mai tsarawa. Ni da na ce Allah ne ya kawo ruwan hunturu na faɗi gaskiya. Ita da ta san cewa an saukar da shi a Gini, aka tsare shi a fadamun Mali wata da watanni, sannan aka sako shi daidai lokacin da masu shinkafa da albasa na bakin kogi ke buƙatarsa, in ta ce Allah ne ya kawo shi ta faɗi abin da na faɗa, amma subhanallahinta ya fi nawa nauyi. Ilimin da aka nemi tsari daga gare shi, a fahimtata, shi ne wanda ba ya gyara mai shi, wanda ke ƙara masa girman kai ko ya zama makamin cuta. Sanin da ya sa yarinya ta cika da mamakin aikin Ubangijinta ya riga ya yi amfani, ko da bai taɓa kawo dala ɗaya gida ba.

Daga nan ne tambayar ta juya mini, ta bar kan yarinyar ta dawo kanmu. Ba ita ta zaɓi wannan kai ba. An haife ta da shi kamar yadda ake haihuwar wani da murya, wani da ƙarfin damtse. Baiwa ce, kuma Mai bayarwa bai yi kuskuren gida ba da ya sanya ta a jikin mace. Hadisi ya nuna cewa kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Na ce wa ƙanena, kai da ke kara ka fi ni sani: in aka ba Bafulatani amanar saniya ya ɗaure ta a turke ba ciyawa ba ruwa har ta rame ta faɗi, zai kuɓuta don ya ce ai bai yanka ta ba? Mukan ɗauka amanar 'ya mace ita ce a kai ta ɗakin miji da mutuncinta, shi ke nan. Wannan babban rabo ne na amanar, ban rage shi ba. Amma hankalin da aka ajiye a wurinta shi ma yana cikin lissafi, kuma na gaskata za a tambayi wanda ya kashe shi da tsawa da dariya da "yi mana shiru".

Abin da ya sa na ɗauko zancen littattafai shi ne, yarinya a wannan shekaru tana neman ganin irinta a wani wuri don ta tabbata ba ita kaɗai ba ce. A makaranta da Faransanci ake karatu, a gida Dandanci da Hausa, a kara Fulatanci. Karatun Hausar boko ni na koya mata, kuma da farko harufan sun ba ta wuya saboda ta saba da ƙa'idar Faransanci. Yanzu littattafan ba sa zuwa a buhun fatake, ta salula suke shigowa, a WhatsApp da Wattpad, ko a saurare su a YouTube ana wanke-wanke. Ta karanta da yawa, ta dawo ta ce mini, "Gwaggo, duk 'yan matan ciki kyawawa ne masu dogon gashi, kuma duk jiran wani suke." Ta yi gaskiya a kan mafi yawansu. Ko inda yarinyar labari ta yi karatu, digirin ado ne da ake jerawa tare da farar fata da gidan bene, ko kuwa sanda ce ta rama wa wanda ya wulaƙanta ta. Da wuya ka ga an nuna ta tana son abin da take karantawa, tana kwana da wata matsalar lissafi a ranta, tana jin zafin dariyar ƙawaye, tana rasa yadda za ta yi da tambayoyin da ke taso mata game da ƙaddara da mutuwa ba tare da a ce ta yi saɓo ba. Soyayyar da ba a rubuta mana ba ke nan, kuma tana nan a gidajenmu.

Na san akwai masu ganin ƙagaggen labari ƙarya ne kawai, bai kamaci ɗiyar musulmi ba. A 2007 har ƙona littattafan hikaya aka yi a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, waɗanda aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. Ban musa cewa akwai na batsa da bai kamata su shiga hannun yara ba, kuma a salula sun fi yawa yanzu. Amma malaman zaure da kansu suna karantar da Muƙamatul Hariri, maƙama 50 da aka gina a kan Abu Zaidi, mutumin da marubucin ya ƙaga, kuma ba wanda ya ce Hariri maƙaryaci ne, domin mai karatu ya san misali ake buga masa. Ibnu Ɗufail na Andalus, wanda ya rasu a 1185, ya rubuta Hayyu bin Yaƙzan, labarin yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi. Da ta mutu ya buɗe ƙirjinta yana neman abin da ya fita daga jikinta, daga nan ya bi tambaya bayan tambaya, ta kan wuta da tsirrai da taurari, har ya kai ga sanin Mahalicci. Fiye da shekara 800 ke nan da musulmi ya rubuta labarin yaro mai yawan tambaya ya mai da tambayarsa hanyar imani. Da na ba ɗiyar ƙanena labarin, abin da ta fara cewa shi ne me ya sa ba mace ba ce.

Mata sun fi kowa rubutu da Hausa a yau. Tun So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, zuwa su Bilkisu Funtuwa, zuwa gasar Hikayata da BBC Hausa ta buɗe wa mata a 2016, hannu bai yi ƙaranci ba. Roƙona gare su shi ne wata ta zauna ta rubuta wannan yarinya yadda take: da kaushin hannu, da hijabin makaranta da ya koɗe, da uban da ke ƙaunarta yana kuma tsoron abin da take zama. Kada a mai da uban azzalumi, don ba haka yake ba. Kada a aiko da ɗan mai kuɗi a mota ya cece ta. Kada kuma a sa ta jefar da addininta kafin ta yi tunani, kamar yadda wasu littattafan Turawa ke yi, domin tamu yarinyar da alwalarta take duban wata. A bar ta ta yi kuskure, ta ji kaɗaici, ta sami malama ɗaya ko ƙawa ɗaya da ta fahimce ta, ta girma.

Mu kuwa a gida maganar ba ta ƙare ba. Dokar ƙasa ta 2015 ta hana aurar da yarinya kafin shekara 18, amma ba da doka nake so in rinjayi ɗan'uwana ba, don abin da aka yi bisa tsoron hukuma ana warware shi ranar da hukuma ta juya baya. Akwai masu zuwa gaisuwa da goro tun bara, kuma ya faɗa mini bai amsa wa kowa ba. Na ce masa in ta ci jarrabawa ni zan ɗauki kuɗin littattafai da na tufafi daga abin da nake samu, ta kuma dawo ɗakina da kwana don ido ya kasance a kanta, in ya so shi ya riƙe sauran. Ya ce, "Yaya, bari sakamako ya fito tukuna." Uwarta, wadda ba ta cika sa baki a gabansa ba, ta biyo ni har ƙofar gida ta ce in ƙara yi masa magana bayan sallar Juma'a, lokacin ya fi sauraro.